Kawu Ya Nema wa Fansho Gida

Ranar da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, wato yayan mahaifiyata, ni aka bar wa shimfiɗa tabarmi da karɓar gaisuwa a ƙofar gida, saboda 'ya'yansa ba su da natsuwar yin haka. Kwana uku na yi zaune a lungun nan namu na unguwar Ali Kazaure a Jos, kuma ban ga mutum goma da suka yi ta'aziyya suka tashi ba tare da sun saci kallon turken da ke gefen zaure ba. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan." A shafa fatiha. Sai ya gyara zama, ya rage murya kamar zai tambayi abin kunya, ya ce, "To, dokin fa?" Da yawansu sun ga ranar da Kawu ya fita da shi, amma bai gaya wa kowa inda ya kai shi ba, shi ya sa kowa da irin labarin da ya ƙulla.

Tsohuwar da ke sayar da masa a bakin titi ta zo tana sharar hawaye, ta ce ita yanzu wa za ta riƙa ajiye wa masar da ta ƙone? Na ɗauka Kawu take nufi, ashe dokin ne. Wasu dattawa uku da suka yi aiki da shi a filin ƙwallon dawaki suka zauna tun hantsi har azahar suna gardamar ko a wace ƙafa dokin ya ji rauni. Ba wanda ya tsaya cewa marigayin mutumin kirki ne, don a wurinsu wannan ba labari ba ne. Akwai kuma wani dillalin dabbobi da bai taɓa gaida Kawu yana da rai ba, amma sai da ya zo mana gaisuwa sau biyu, kowane zuwa yana miƙa wuya ta kan katanga.

A rana ta uku na shiga gaida Inna, matar Kawu, na same ta cikin mata. Ta ce, "Shekara arba'in da biyar ina zaune da mutumin nan, yau ya tafi ya bar ni, amma kowa doki yake tambaya. Ba wanda ya ce, to, Inna fa?" Matan suka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shi ya sa na ce bari in rubuta amsar sau ɗaya, kowa ya huta. Na san inda dokin yake, don da motata aka yi yawon. Kuma a ganina, wanda bai san yadda Kawu ya rabu da dokinsa ba, bai san Kawu ba.

Mahaifin su Kawu ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, yana kula da dawakin Turawa, don haka Kawu a barga ya buɗe ido. Ya fi shekara talatin yana yi wa wani attajiri hidimar dawakin wasan ƙwallo: shara, wanka, gyaran kofato, ɗaura sirdi. Da girma ya zo bayansa ya fara ciwo, sai aka yi dace a wannan makon wani jan doki ya gurɗe ƙafar gaba a fili, likitan dabbobi ya ce shi da gudu har abada. Attajirin ya sallame su rana ɗaya. Ya ce Kawu ya zaɓi abin sallama, ko babur ko injin markaɗe. Kawu ya tambayi ina za a kai dokin. Aka ce ai akwai masu sayen irinsu, suna loda su a mota su yi kudu da su, inda ake yankawa. Kawu ya ce to shi dokin yake so.

Labarin injin markaɗe ya riga shi isa gida, har Inna ta share inda za a kafa shi. Sai ga Kawu da yamma ya shigo lungu yana jan doki mai ɗingishi. Ta daɗe tana kallonsu su biyu, sannan ta ce, "Malam, wannan ne fanshon?"

Ya ce, "Shi ne."

Ta ce, "Mutane fanshonsu ke ciyar da su, mu namu mu za mu ciyar."

Tun daga ranar sunan ya bi dokin, har Kawu da kansa Fansho yake kiransa. Shekara goma sha ɗaya suka yi tare a gidan nan.

Kawu bai iya kallon mutum a matsayin mutum kawai ba. In baƙo ya tunkaro, ƙafafunsa yake fara duba, kafin ya iso ya ce, "Wannan yana sauke nauyi a hagu." Da saurayin autarsa ya zo gaishe shi, ya bar shi yana ta jero asali da sana'a, shi kuwa ya ƙura wa bakinsa ido yana jiran ya yi dariya ya ga haƙora. In mutum ya cika surutu a majalisa, Kawu ba ya katse shi. Sai ya bari ya kai aya, sannan ya juya ya ce, "Ya yi gudu, a ba shi ruwa." Ni kaina an ba ni ruwan nan ya fi a ƙirga. Lokacin sanyin nan namu da ke sa mutum ya riƙa harar buta da asuba, Inna takan nemi bargonta ta rasa, sai ta leƙa waje ta gan shi a bayan Fansho, an ɗaure shi da igiya tsaf. Ruwan ɗumi kuwa, doki ne farko, sannan mai gida, sannan sauran jama'a.

Ni dai ba ni da bakin yi wa Fansho gori. Akwai lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, sai naƙuda ta kama matata da rana tsaka. Ungozomar da ta saba da ita tana wata unguwa, ga ta da jiki, ga ciwon gwiwa. Ina tsaye ina zufa, Kawu ya ɗaura sirdi ya fita. Jami'an da ke bakin titi suka tare shi. Ya gaishe su da ladabi, ya ce ya saurari sanarwar da kunnensa, an ce kada a fito a mota, ko a babur, ko a ƙafa, shi kuwa ga shi a kan doki. Dariya ta kama su, ɗaya ya ce, "Baba, oya, je ka dawo da sauri." Haka ya dawo yana riƙe da linzami a ƙasa, ungozoma a sama ta rungume wuyan doki tana salati da ƙarfi, mutane na leƙowa ta taga. Kafin la'asar aka haifi 'yata ta fari. Wannan ne hawa na ƙarshe da aka yi wa Fansho, kuma Kawu ya yi kwana uku yana gasa masa ƙafa yana ba shi haƙuri.

Rigimar da aka fi sanin Kawu da ita kuwa, tsakaninsa da Mai Ciyawa ce. Wani dattijo ne Birom, Kirista, daga wani ƙauye a bayan duwatsu in ka wuce Farin Gada. Tun suna samari yake kawo wa Kawu ciyawa a keke, su zauna a zaure su sha shayi su yi ta musu. Mutanen su Mai Ciyawa suna da nasu ƙananan dawaki da kakanninsu ke hawa ba sirdi, kuma duk inda musu ya fara, a nan yake ƙarewa. Wata rana Kawu ya ce ai waɗannan awaki ne da suka ɗan samu tsawo. Mai Ciyawa ya ajiye kofi, ya nuna Fansho, ya ce, "Naka fa? Doki da yana rufa da bargo kaman mai jego!" Kawu ya miƙe, shi ma ya miƙe. Shekara bakwai ba su sake yi wa juna magana ba.

Amma ciyawar ba ta taɓa yankewa ba. 'Yar Mai Ciyawa, wadda ke riƙe da gonarsu tun da mijinta ya rasu, tana kawo kabeji da dankali kasuwar Farin Gada, inda nake sana'a. Duk zuwanta, a saman buhunan akwai dami biyu na ciyawa. Takan ce mini, "Baba ya ce a ba doki, ba mai doki ba." In na kai, Kawu ya sansana, ya yamutsa fuska, ya ce, "Ka ce masa ta yi ruwa." Sannan ya zuba wa Fansho duka.

Bara da damina ƙafafun Kawu suka fara kumbura, numfashi na yi masa wuya in ya hau ɗan tudu. A asibiti aka ce zuciya ce, aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi gishiri da kanwa, ya ce ashe Fansho ya fi shi gata. Ya kira babban ɗansa, wanda muke ce wa Yaya, ya tambaye shi ƙiri-ƙiri, in ya mutu me za su yi da dokin. Yaya ba ya ƙarya. Ya ce, "Baba, mu tara ne, ga Inna. Ni tela ne a kasuwar Taminus, ban san ta inda ake kama doki ba. Gado ne, dole a sayar a raba. Kuma ka fi ni sanin su wa ke sayen tsohon doki." Kawu bai yi fushi ba. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka faɗi gaskiya."

Washegari ya tare Liman a ƙofar masallaci, ya ce zai bar wasiyya a ba wani dokin. Liman ya ce wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ya bari, sai ya tambaye shi me ya mallaka. Kawu ya ce keke, da rediyo, da sirdi, da riguna huɗu, da doki. Gidan kuwa na Inna ne, gadon mahaifinta. Liman ya ce, "Malam, ai dokin nan ba sulusin dukiyarka ba ne, shi ne dukiyar." Ya ce hanya ɗaya ta rage, kyauta. Amma sai an yi ta mutum yana kan ƙafafunsa, ba yana kwance cikin ciwon ajali ba, kuma sai wanda aka ba ya karɓa ya tafi da abinsa. In Kawu ya ce ya bayar, amma doki ya ci gaba da kwana a turkensa har ta Allah ta kasance, to ba a yi komai ba, gado ne.

Da yamma ya aika aka kira ni. Ya ce, "Kai ɗan ƙanwata ne, ko igiya ba ka da ita a gadona, shi ya sa na yarda da kai. Kuma kana da akori-kura. Gobe za mu fara nema wa Fansho gida."

Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Ban san binciken aure muka shiga ba.

Mun fara da bargar wani hamshaƙi a unguwar manya. Ƙasa an shafe ta da siminti sai ƙyalli take, ga fanka, ga kyamara a kowace kusurwa. Manajan wurin ya fito cikin kwat da takarda a hannu, ya ce, "Baba, dokin ɗan wace ƙasa ne? Namu wasu daga Ajantina suke, wasu Sudan."

Kawu ya ce, "Ɗan Ali Kazaure ne."

Ya bar mu tsaye ya zagaya inda ake zubar da shara, ya tsuguna da babbar rigarsa, ya ɗauki kashin doki ya murje a tafin hannu, ya sansana. Na ji kamar in nutse. Ya nuna mini ƙwayoyin dawa da suka fita yadda suka shiga, ya ce, "Nan da sauri ake ci. Fansho haƙoransa sun ƙare, sai an jiƙa masa dusa, a tsaya a jira shi. Wa zai jira shi a nan? Kuma tsoho ba ya kwanciya a siminti." Ya miƙa wa manaja wannan hannun don sallama, manaja ya yi sauri ya dafe ƙirji da nasa.

Na biyu mai ba da hayar dawaki ne don biki da ɗaukar hoto. Ya tarbe mu da fara'a, ya ce Fansho zai huta ya more, ba abin da zai yi sai ɗan ɗaukar yara ranar Sallah, su kuma yara nauyinsu nawa yake? Dawakinsa sun sha ado, ja da kore. Kawu ya ƙarasa wurin ɗaya ya ɗaga ƙyallen da aka rufe masa baya, sai ga gyambo ƙudaje na bi. Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya irin ta ranar ba. Sai da na riƙe shi. Kuma bai bar wurin ba sai da ya sa aka kawo ruwan gishiri ya wanke ciwon da kansa, yana zagin mai dokin yana lallashin dokin.

Daga nan mun je wurare har na daina ƙirga. Wani wurin ya ce ruwan rijiyarsu na ɗanɗanon ƙarfe, don sai da ya kurɓa. Wani wurin ya ce karen gidan na tsoron mai gidan, kuma shi wannan ya ishe shi. Wani malami mutumin kirki ya ce zai karɓa don Allah, a kawo shi ko yau. Na yi hamdala a zuci. Muna fita Kawu ya ce, "Ko me yake ci bai tambaya ba," ya shige mota.

Mako shida muna wannan. Kasuwata ta kwanta, ƙafafun Kawu kuwa kullum ƙara hawa suke, har takalmi ya daina shiga ya koma silifa. Ran nan a hanyar dawowa na taka birki a gefen titi, na kashe mota, na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da zan faɗa. Ba gida kake nema masa ba, dalilin da za ka riƙe shi kake nema. In ka kwanta kafin mu gama, mota za ta yi kudu da shi, kuma kai ka ja masa." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na jira ya ce a ba ni ruwa, bai ce ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce, "Juya motar. Kai ni wurin mai bakin nan."

Mun tarar da Mai Ciyawa zaune a kan dutse a bakin shingen ƙerana da ya kewaye gidansu, sanda a hannu, ya tsufa fiye da yadda na zata. Suka kalli juna sama da ƙasa.

Mai Ciyawa ya ce, "Mai Doki, ka kumbura."

Kawu ya ce, "Kai kuma ka bushe."

Gaisuwar shekara bakwai ke nan. Aka kawo benci. Kawu ya faɗi abin da ke tafe da shi, bai ɓoye komai ba, har maganar asibiti. Ni har na saki jiki, na ce an gama. Sai Mai Ciyawa ya girgiza kai ya ce, "Ba zan karɓa ba. Ka duba ni da kyau. Kai za ka tafi, ni ina bayanka kaɗan. In na mutu, yarana na birni su ma za su sayar. Mota ɗin da kana gudu, shi zai zo nan ya ɗauke shi." Ranar na fara ganin tsoro a fuskar Kawu, kuma tausayinsa ya kama ni har na kau da kai.

'Yar Mai Ciyawa tana gefe tana ɗinke bakin buhu, ashe tana jin mu. Ta miƙe ta goge hannu a zani ta matso.

"Baba, dokin nan zai iya noma?"

Kawu ya ce, "A'a."

"Zai ja kaya?"

"Ko kwando ba zai ɗauka ba."

"To me yana yi?"

"Yana ci, yana barci."

"Yana kashi?"

Kawu ya ɗago kai. Ta ce, "Sau nawa a rana?"

Ya ce, "Ya kai goma, in ya samu ciyawa mai kyau." Ya faɗe shi da alfahari, kamar mai ba da labarin ɗansa ya ci jarrabawa.

Ta ce, "Baba, ka san wahalan da muna sha a kan taki yanzu? Gona na yana son kashin doki sosai. In zai yi kashi, ni ina so. Ba Baba na za ka ba, ni za ka ba. Ciyawa yana nan har ya yi yawa, ga ganyen kabeji muna zubarwa."

Kawu ya zabura. "Ban da kabeji! Kumbura musu ciki yake yi."

"To karas fa?"

"Karas ya yi, amma a yanka ƙanana."

Daga nan ta tsare shi da tambayoyi, yadda ake jiƙa dusa, abin da ake yi wa kaska, ko yana jure ruwan sama, ko yana harbi. Kawu na amsawa yana gyara hula. Ya zagaya gonar da sandar Mai Ciyawa, ya taka ƙasar inuwa ya ji taushinta, ya kurɓi ruwan rafi. Sai da muka hau hanya ya ce, "Ka gane? Duk sauran don kunyata za su karɓa, ko don lada. Kunya tana ƙarewa ranar da aka binne ni, lada kuma ana samunsa a wani wurin da ya fi sauƙi. Ita wannan don gonarta take so. Duk ranar da Fansho ya wayi gari da rai, ita ta ƙaru. Ba za ta bari ya mutu da wuri ba." Sai kuma ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya Inna na tsine wa kashin nan, ashe shi zai cece shi."

Aka sa ranar Alhamis. Liman ya ce zai zo, Yaya ma ya rufe shago ya zo shaida, don kada gobe wani cikin 'yan'uwa ya ce an yi a ɓoye. Na kawo katako na jingina a bayan mota don doki ya hau, Kawu ya ce in ɗauke. Ya ce, "Liman ya ce sai ina kan ƙafafuna. To gari zai gani." Ya sa farar riga, ya tsaga silifansa da reza don ƙafa ta samu wuri. Muna shirin tafiya sai ga Inna ta fito da kwanonta na cin tuwo, ta jiƙa dusa a ciki, ta tsaya riƙe da shi har Fansho ya lashe tas. Ban taɓa ganin ta ba shi ko ruwa ba. Ta ce, "Tafi can, ka cinye mu ka bar mu," ta juya da sauri ta shige gida.

Haka muka fita. Kawu a gaba da igiya a hannu, Fansho na ɗingishi a bayansa, ni ina biye a mota da Liman da Yaya, muna tafiyar da ko mai tura baro sai ya wuce mu. Masu keke-napep suka yi ta danna mana oda. Duk wanda Kawu ya haɗu da shi sai ya tsaya ya ce, "Ka gan ni? Da ƙafata nake tafiya, ka shaida." In an ce ina zuwa, sai ya ce, "Gaba." A Farin Gada masu lodi suka bar buhuna suka yi ta kirari, wata mai karas ta cika masa aljihu. Sau uku yana tsayawa ya dafa wuyan doki yana haki, ya ce wai Fansho ne ya gaji. Yaya ya buɗe ƙofa zai fita ya kama shi, Liman ya riƙe masa hannu ya ce ya bar shi. Sai da muka bar gidaje a baya sannan ya yarda ya zauna a bayan akori-kura, ƙafafu na reto, igiya a hannu, doki na biye.

Mai Ciyawa ya gayyato wani dattijon cocinsu, ya ce shi ma a samu shaida ta ɓangarensu. Aka tsaya a inuwa. Kawu ya shafa goshin Fansho, ya gyara masa geza da yatsu, sannan ya ɗora igiyar a hannun 'yar Mai Ciyawa ya ce, "Na ba ki dokin nan halak malak."

Liman ya ce, "Kin karɓa?"

Ta ce, "Na karɓa, Baba."

Aka yi addu'a, kowa da irin tasa. Kawu ya fara, "Da safe kada a fito da shi sai raɓa ta bushe. Kuma kada a kuskura a ɗaure shi a..."

Liman ya ce a hankali, "Malam, shawara ce ko sharaɗi?"

Kawu ya ce, "Shawara ce."

Ya yi sallama da Mai Ciyawa, suka daɗe riƙe da hannun juna ba wanda ya zagi wani. Sannan ya juya ya nufi mota. Bai yi taku biyar ba Fansho ya biyo shi, yadda ya saba kullum, har igiyar ta miƙe a hannun matar. Dokin ya ja, ya yi 'yar haniniya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Baba, yana bin ka. In sake shi?"

Kawu ya tsaya, bai juyo ba. Ina kusa da shi, na ga hannunsa ya ɗaga kamar zai karɓi igiya, sai ya tura shi cikin aljihu. Ya ce, "Riƙe dokinki, 'yata. Riƙe shi da kyau."

Muka shiga mota muka koma gida. Bayan kwana goma sha tara Kawu ya kwanta, bai sake tashi ba. Da aka zo rabon gado, ba doki a ciki. Fansho yana can da ransa, yana ci a hankali ana jiransa, yana kuma yin aikin da aka ɗauke shi dominsa ba fashi.

Ya Allah, bawanka ne, da gardamarsa da taurin kansa. Bai yarda ya kwanta ba sai da ya sama wa dabba wurin kwana. Ka yafe masa, Ka sama masa nasa a wurinka.